Ramin da Warina Ta Bari a Bangon Mar Abda

Warina matar Dankha mai matsar man riɗi ta yi shekara talatin da wani abu tana shiga cocin Mar Abda kullum, amma babu mahaluƙin da zai rantse ya taɓa ganin ta zauna a ciki. Tsaye take. Wurinta guda ne, kusurwar ɓangaren mata, bayan ginshiƙi na biyu, ta manna bayanta da bango, tiren kyandir a gabanta. Ita ke buɗe ƙofar mata da safe, ita ke kullewa. In za ta koma gida sai ta cire baƙin mayafinta ta rataye a ƙusa daidai inda take tsayawa, ta yafa wani ta fita. Baƙi kan ce, kai, wannan baiwar Allah akwai ibada. Mu matan gari mun san ibadar tata. Mace ce da za ta zage ki tas har kakarki ta bakwai, carbi na hannunta, kuma ba za ta ɓata ƙirga ba.

Abin da take karewa da bayanta hannu ne, hannun ɗanta.

A garinmu, in za a kai yaro yaƙi, uwarsa takan kwaɓa lalle ta tsoma tafinsa, ta kai shi coci ta danna hannun a bango, ta yi bakance. Ranar da ya dawo a yanka rago, ta zo da ruwa da soso ta wanke hannun da kanta. Lokacin yaƙin da aka yi da Iran bangon ɓangaren mata ya cika da jajayen tafuka har babu inda za ki jingina. Ablahad, ɗanta ɗaya tilo, yana da shekara goma sha takwas aka kira shi. Dogo ne, ga kunnuwa kamar marfin tukunya, ga kunya.

"Haba Inna," ya ce, "lalle sai ka ce amarya? Wallahi sojoji za su kashe ni da dariya kafin Iraniyawa su ganni."

"Rufe min baki, miƙo nan," ta ce. Ta kama wuyan hannunsa ta danna a dutse. Dutsen Mar Abda irin farin nan ne mai laushi na ƙasar Mosul, yana shan lalle kamar yadda burodi ke shan miya.

Aka zo aka ɗebe su a babbar mota. Ya ɗago mata jan tafinsa yana dariya. Shi ke nan ganinta da shi. Ba a ce ya mutu ba, ba a kawo akwati ba. Ɓatacce, abin da gwamnati ta kira shi ke nan, sai ka ce akuya.

Yaƙi ya ƙare. Wasu hannuwan aka wanke su da guɗa, wasu aka wanke da kuka bayan an rufe akwati. Sai aka turo mana sabon limamin coci, Abuna Hormiz (Abuna muke kiran limamanmu), saurayi mai karatun Roma da gemu ɗan tsirit. Ya dubi bango ya dafe kai. Gini mai shekara ɗari takwas, ya ce, an mayar da shi ɗakin ƙunshi! Ya sa ranar wanki. Samari suka shigo da bokitai suna bin bango har suka iso kusurwa, suka tarar da Warina a tsaye.

"Uwar Ablahad, ɗan gusa mana," in ji Abuna.

"Bayana ke ciwo, Abuna. Sanyin dutsen nan kaɗai ke min magani."

"Na minti ɗaya ne."

"To ka jira in warke."

Ya jira har gemunsa ya yi fari, har aka binne shi. Ni dai na tabbata ya sani, domin mutumin ba wawa ba ne, karatu ne kawai ya yi masa yawa. Fursunoni suna ta dawowa daga Iran kaɗan-kaɗan, wani bayan shekara goma, wani bayan ashirin, ba haƙori, ba ya gane ƙannensa. Kowa ya sauka Warina na bakin motar da hoto a hannu. Dankha ya gaji da jira ya kwanta ya mutu. Ita ta ci gaba da tsayuwa, tana ƙiba, tana sayar da kyandir, tana faɗa wa amare cewa rigarsu ta matse su.

Ragowar kowa ya sani. Mayaƙa masu baƙaƙen tutoci suka taso, muka gudu birnin Arbil da silifas, muka zauna a kwantena muna faɗa a kan layin shanya. Da muka dawo, sun rushe Mar Abda ya zama tudu. Warina ta hau tudun da sandarta tana juya duwatsu, ɗaya bayan ɗaya, har sojoji suka sauko da ita don ba a gama kwashe nakiyoyi ba. Ba ta yi kuka ba. Ta koma gida ta dafa kubba ta ci. Amma daga ranar bayanta ya fara lanƙwashewa, kamar dama bangon ne ke riƙe da shi.

Sai Nahrain ta shigo labarin. Nahrain malamar tarihi ce a makarantar 'yan mata, jikar mai gyaran takalmi, siririya, ba ta yi aure ba, kuma kada ku tambaye ni dalili don ni ma na tambaya an ce in kama bakina. Ita ce ta rasa yadda za ta koyar da Mar Abda ga yaran da suka tashi a kwantena ba su taɓa ganinsa ba. Ta haɗa kai da wasu mutanen jami'a, suka ce za su sake gina cocin a cikin kwamfuta, yaro ya ɗaura wani tabarau mai kama da ƙaramar tukunya a fuska, sai ga shi a tsakiyar coci yana juyawa. Amma suna son hotuna, da yawa, ta kowace kusurwa, don na'urar da hoto take gane tsawon bango da zurfin sassaƙa.

Hotunan Turawa masu bincike ba su isa ba, don su ƙofar bagadi kawai suka sani, da zakunan da aka sassaƙa a kanta. Wa zai ɓata fim a kan kusurwar mata? Sai Nahrain ta bi gida-gida tana roƙon hotunan biki da na baftisma. Aka turo daga Detroit, aka turo daga Sidni, aka turo daga Suwidin. Duk auren da ya mutu a garin nan sai da ya tashi ya yi wa tarihi aiki. Na'ura ta share amare, ta share angwaye, ta share surukai masu harara, ta bar duwatsu. Inda amarya ta tare a hoto ɗaya, wani hoton ya nuna. Haka bango ya yi ta haɗuwa har coci ya tashi.

Sai wuri guda. Bayan ginshiƙi na biyu babu hoton da ya taɓa ganin bango. In ba Warina ba, to mayafinta. Da na'ura ta share ta, ba ta sami abin da za ta sa ba, sai ta bar rami baƙi ƙirin, tsayin mace, faɗin mace, kuma don rashin kunya irin na na'ura, faɗin shekarunta na ƙiba ta ɗauka.

Ranar farko da aka gwada a aji, wata yarinya ta juya ta gan shi ta kurma ihu ta fizge tabarau. Kafin tashi duk makaranta ta san akwai baƙar mace a cocin Malama. Rabin aji suka ƙi sakawa, sauran rabin suna rige-rigen sakawa ba don zakuna ba. Iyaye suka fara magana. Mutanen jami'a suka ce abu mai sauƙi, a kwafo dutsen gefe a liƙe wurin, a gama, domin za a raba wa makarantu kafin bikin Ista, har da na 'ya'yanmu da ke ƙasashen waje.

Nahrain ba ta yarda ta liƙe ba tare da ta tambaya ba. Ta zo gidan Warina da hantsi, ta tarar da ita da Shushan suna naɗe dolma, wato shinkafa a ganyen inabi. Shushan ƙawarta ce tun suna 'yan mata, wato sun yi shekara sittin suna zagin juna.

"Ina kwana, Goggo."

"Lafiya lau, 'yar nan. Shigo. Shushan, ja ƙafarki, baƙuwa ce ba kaza ba."

Aka zuba mata shayi. Ta buɗe kwamfutarta ta juyo musu da ita. Shushan ta sa ido, ta ƙara matsowa, sai ta fashe da dariya har ganyen inabi ya faɗi daga cinyarta.

"Wallahi ke ce! Dubi ƙugun! Uwar Ablahad, ko bayan an share ki kin fi kowa cin wuri."

Warina ba ta yi dariya ba. Tana kallon ramin, hannunta ɗaya ya koma baya yana shafa tsakanin kafaɗunta.

"Goggo," in ji Nahrain, "na ji abin da ake cewa yana wurin. Kakata ta faɗa min. Mutanen jami'a suna so su liƙe da dutse. In aka liƙe, shi ke nan, abin da yara za su koya ke nan, nan da ƙasar waje: bango fari, babu komai. Amma ni zan iya sa hannu a wurin. Ki faɗa min kawai."

"In faɗa miki me?"

"Tsayinsa daga ƙasa. Da kuma ko na dama ne ko na hagu."

"Wannan ma tambaya ce?" Warina ta buɗe baki za ta faɗa. Ta rufe.

Shushan ta daina dariya. "Na dama ne mana," ta ce. "Wa ke bakance da hagu?"

"Na tsaya a hagunsa," in ji Warina a hankali. "Ko… a'a. Kwanon lallen na hannuna na dama, to da hagu na kama shi. In na kama shi da hagu…"

"Ai ya ɗago miki a mota."

"Yana fuskantata. Damansa haguna ne." Ta ɗaga nata hannun, ta juya shi, ta sauke, ta ɗaga ɗayan. Ganye ya manne a yatsunta. "Kullum ina ganinsa, safe da yamma, in zan rataye mayafi. Kullum."

"Kina ganinsa ko kina rufe shi da sauri kada Abuna ya shigo?"

"Shushan, in ba ki yi shiru ba zan cusa miki tukunyar nan."

Nahrain ta ce babu komai, a fara da tsayi. Ta roƙe ta ta tsaya jikin bangon tsakar gida ta nuna inda take jinsa. Warina ta tashi da ƙyar ta jingina. Tsakanin kafaɗu, nan take jinsa tun ranar wanki, kamar wani ya dafa ta. Amma kafaɗun da suka tsaya a gaban Abuna Hormiz ba su ne waɗannan ba. Waɗannan sun sauko, sun karkata, ƙeyarta ma ba ta taɓa bango. Nahrain ta riƙe alli a hannu, ba ta san inda za ta zana ba.

"Kuma hannun wa za ki sa?" Warina ta tambaya tana jingine.

"Za a zana, Goggo. Ko a ɗauki hoton hannun wani saurayi…"

"Wani saurayi. Ɗan wa? In tsaya shekara talatin ina gadin ɗana, a ƙarshe a liƙa min ɗan mai gyaran janareto?"

"To a liƙe da dutse ke nan."

"Abuna bai wanke shi da soso ba, ke za ki wanke shi da wannan allon naki?"

Nahrain ta rufe kwamfutar. Yarinyar tana da haƙuri, wannan kam na ba ta. "Goggo, ki zo ki gani da idonki. Bayan an tashi yara. In kin gani, abin da kika ce shi zan yi."

Warina ta ce ba za ta sa tukunya a fuska ba tana da shekarunta. Ta faɗi haka ran Litinin. Ta kwana biyu ba ta iya cin abinci, tana ta ɗaga hannu tana saukewa, har a layin burodi aka ganta tana yi. Ta je wurin mata biyu da suka rage daga cikin waɗanda suka yi bakance tare. Ɗaya ta ce dama, ɗaya ta ce hagu, sannan ta tambaye ta ko Ablahad ya kusa zuwa hutu. Ran Alhamis da azahar ta sa baƙar rigarta ta zuwa coci, ta ja Shushan suka tafi makaranta.

An ture kujeru gefe, tsakiyar aji fili. Rana na shigowa ta taga, ana jin janareto yana ta fama. Nahrain ta ɗaura mata tabarau a kan ɗankwali, ta riƙe gwiwar hannunta.

"Kin yi kyau," in ji Shushan. "Kamar jakin da aka ɗaura wa jakar dusa."

Warina ta tsaya cak. Sannan ta ɗaga hannu ta yi alamar gicciye, ta sunkuyar da kai daidai inda ƙofar mata take da gajarta, a tsakiyar ajin da babu komai sai iska.

"Babu ƙamshi," ta ce.

"Ba mu iya sa ƙamshi ba, Goggo."

"Kuma wa ya share ƙasa haka? Mar Abda bai taɓa tsabta irin wannan ba." Muryarta ta ragu, irin muryar da ake magana da ita a coci. "Ina mutane?"

"Mun cire su."

"Duka?"

"Duka, Goggo."

Ta fara tafiya. Ba sai an nuna mata hanya ba. Ta kauce wa ginshiƙi na farko, ta kauce wa wani dutse da ya ɗan taso a ƙasa wanda na'ura ma ba ta san da shi ba, ta zagaya na biyu. Nahrain da Shushan suna ganin abin da take gani a allon kwamfuta. Ramin ya taso ya cika allon. Ba inuwa ba ce, don inuwa tana da abin da ta faɗa a kai. Wannan babu komai a cikinsa, gefensa a yage kamar takardar da ɓera ya ci.

Ta daɗe a gabansa. Ta miƙa hannun dama, ta janye. Ta miƙa na hagu.

"Ablahad," ta ce, "wanne ne, ɗan nan?"

Shushan ta juya ta kama kallon taswirar da ke bango kamar an ce za a yi mata jarrabawa.

Sai Warina ta yi abin da jikinta ya saba. Ta juya ta ba ramin baya, ta gyara tsayuwa, ta jingina. Babu bango. Ta yi taga-taga, ta ja da baya taku biyu, Nahrain ta riƙo ta da ƙarfi.

"Goggo, kin fita daga cocin, kin shige cikin bango. Bari in dawo da ke."

"Sake ni."

Ginin da ke cikin na'ura fuska ɗaya gare shi. In kin shige bayan bango ba ya tare miki ido. Warina na tsaye a cikin duhu, ba ƙasa a ƙarƙashinta, ba rufi a samanta, ga Mar Abda gaba ɗaya a gabanta yana haske: ginshiƙai, fitilu, ƙofar bagadi da zakunanta, labule ja. Tana kallonsa daga inda dutsen yake.

"Ashe daga nan ana ganin bagadi," ta ce.

"Ana gani, Goggo."

"Har labule. Har inda Abuna ke ɗaga ƙoƙo." Ta ɗan juya kai. "Shushan."

"Ina jinki."

"Shekara talatin yaron nan bai ga komai ba sai bayana. Biki, Ista, baftisma, duk na tare masa. In na tafi kuma in rufe masa fuska da mayafi."

"To da kin gusa ai da an wanke shi, tsohuwar banza," in ji Shushan.

"Na sani."

Ba ta ce a cire mata ba, su ma ba su taɓa ta ba. Janareto ya yi tari ya ci gaba. Can ta ɗaga hannu ta ture tabarau da kanta, ɗankwali ya zame, ga furfura, ga jan layi a goshi. Idonta a bushe.

"'Yar nan, kada ki liƙe. Kada kuma ki sa min hannun kowa. Ki bar shi a buɗe."

"Mutanen jami'a za su ce aikin bai kammala ba."

"Ki ce su zo su same ni. Abuna Hormiz ma da karatunsa na Roma ya zo."

"Yara fa, Goggo? Tsoro suke ji. Me zan ce musu?"

Warina ta gyara ɗankwali, ta karɓi sandarta. "Ke ce malama. Ki faɗa musu gaskiya, ki faɗi sunansa. Ki ce kuma kada wadda ta tsaya a gaban wurin. Su riƙa wucewa ta gefe."

Nahrain ta sha rigima da mutanen jami'a, har aka ce ta kusa rasa aikin, amma haka aka raba shi da raminsa. Yanzu in ta kai aji wurin, bayan zakuna da shekarun gini, sai ta tsaya ta yi musu bayanin lalle da bakance, da su wa aka wanke da su wa ba a wanke ba. An ce wata yarinya a Sidni ta tambaya ko nata kakan ma ya taɓa sa hannu, aka yi ta waya ana bincike.

Warina ba ta sake zuwa makarantar ba. A sabon cocin da aka yi mana da bulo da rufin kwano, kujera take zama, can gaba, tana ƙorafin fanka. Ni kuwa na je na sa tukunyar sau ɗaya, don kada a ce an bar ni a baya. Na ga zakuna, na ga inda aka ɗaura min aure da wancan marigayin, Allah ya yafe mana mu duka. Da na zo ginshiƙi na biyu ban san lokacin da na tattare rigata na raɓa ta gefe ba. Ban kalli ramin ba. Amma har na kai ƙofa ina jin ana kallon ƙeyata.